Kiwon Gauraka a Tudun Kufai

Mutanen Tungar Mashaya ba su san rowa ba, kuma ba yabonsu nake yi ba, ciwonsu nake faɗa. In ka shiga gidan mutumin tungar ka ce hularsa ta yi kyau, kafin ka rufe baki ya tuɓe ta ya kifa maka a ka, ko da ita ke nan gare shi, ko da kanka ya fi nasa girma. Abin da baƙo ya yaba ya zama nasa, haka suka gada. Shi ya sa maƙwabtansu masu kunya, in sun zo gaisuwa, sukan kame baki su yi ta kallon ƙasa, kada su koma gida da akuyar mutane.

Tungar da ake gani yanzu ba ita ce ta asali ba. Da aka gina dam na Goronyo, ruwa ya taso ya cinye tsohuwar, da kasuwarta da masallacinta da gonakin fadama, aka kwashe mutane aka mai da su kan tudu. Abin da ya rage a fili shi ne wani tsibiri a tsakiyar ruwa, inda tsohuwar tsamiya take tsaye kusa da kaburburan kakanni. Suna kiransa Tudun Kufai. A cikin ciyawar gefensa ne gauraki biyu suka yi gida, mace da namiji. Tsofaffi sun ce a da fadamar Rima cike take da su, kukansu ma har yana hana mutum barcin rana, amma masu tarko suka yi ta kama su suna kai wa manya su ajiye a tsakar gida don ado, har aka wayi gari waɗannan biyun kaɗai suka rage a duk yankin.

Junaidu shi ne ɗan farin Sarkin Ruwa Tambari. Kamun kifi bai karɓe shi ba, don haka ya yi shekaru yana yaron mota a hanyar Sakkwato zuwa Wurno. A nan ya lura da wani abu da ya tsaya masa a rai. Motoci za su zo cike da masu ziyara, daga Kano, daga Zariya, har daga Nijar, su shiga hubbaren Wurno su yi addu'a, su sayi tafarnuwa da albasa a bakin hanya, kafin la'asar sun juya. Ba wanda ya taɓa ce musu ga ruwa nan gaba kaɗan, da gari kwance a ƙarƙashinsa. Sai ya ajiye aikin mota ya koma gida, ya gyara tsohon kwalekwalen ubansa, ya ce zai riƙa ɗauko baƙi daga Wurno yana kai su kallo.

An yi masa dariya iya dariya. Wani ya ce ruwan da ya kore mu daga gidajenmu shi ne za a zo kallo? Wani ya ce iskar bayan mota ce ta taɓa masa kai. Junaidu dai ba mai yawan magana ba ne, amma in ya kafe sai ka ce turke. Ya fara da malamai biyu da suka rasa motar komawa, ya tuƙa su a hankali, yana nuna musu da filafili inda kasuwa take a da, inda rijiya take, inda aka haife shi. Da suka kusa Tudun Kufai ya ce su yi shiru, gaurakin suka fito daga ciyawa da tukkunsu mai ruwan zinariya, suna taku kamar masu zuwa ɗaurin aure. Malaman nan suka koma suka ba da labari, gani kuwa ya kori ji.

Cikin 'yan shekaru abin ya kankama. Kwalekwale ya zama huɗu, samarin da ke shirin tafiya cirani suka tsaya. Mata suka fara soya kifi da masa a bakin mashaya, masu saƙar tabarma da malafa suka sami inda za su baje kaya, tsofaffi kuma suka sami masu sauraron tarihin da jikokinsu suka gaji da ji. Junaidu ya kafa ƙa'idodinsa, kuma a kansu ba ya jin lallashi. Jirgi mai inji ba ya kusantar tsibiri, ba a jefa leda a ruwa, ba a sauka a inda tsuntsaye suke ƙwai, kuma in kwalekwale huɗu suka cika, sauran baƙi sai su jira a inuwa su ci kifi. Ya san sarai cewa tarihin kufai yana da daɗi, amma abin da baƙi ke komawa gida suna faɗa shi ne gauraki.

A kakar wata shekara, ruwa ya cika dam har baki, Alhaji Zayyanu ya zo da kansa. Shi ne mai motocin da ke kawo yawancin masu ziyara daga Sakkwato, dattijo mai fara'a da son a san ya zo. Sarkin Ruwa Tambari, wanda ya daɗe da barin tuƙi saboda ciwon baya, ya shiga kwalekwalen don girmama shi. Suka zagaya kufai, suka tsaya nesa da tsibiri, gaurakin suka fito, har suka ɗan yi rawarsu, suna tsalle suna buɗe fukafukai. Alhaji ya daɗe yana kallo baki buɗe. Sannan ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan halitta, ai da mutum zai sami irinsu a tsakar gidansa da ya more.

Junaidu ya san abin da zai biyo baya. Kafin ya sami abin da zai kawar da zancen, ubansa ya gyara zama ya ce, "Naka na, Alhaji. Na ba ka."

Alhaji ya yi ta cewa a'a, a'a, irin a'ar da kowa ya san ma'anarta, sannan ya yi godiya ya sa albarka. Ya ce zai kwana biyu a Wurno wajen wani amininsa, jibi zai biyo ya yi sallama. Junaidu ya tuƙo su zuwa gaɓa, amma filafilin nan ya sha matsa.

Da baƙo ya tafi Junaidu ya sami ubansa a zaure. Tambari, saboda alkunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunan Junaidu ba, sai dai ya ce wanga yaro, ko da yake yaron ya fara furfura a gemu. Junaidu ya durƙusa ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce tsuntsayen nan suna da 'ya'ya biyu ƙanana a cikin ciyawa, ya gan su da idonsa. Ya ce in aka ɗauke iyayen 'ya'yan ba za su kai mako ba, kuma daga su babu sauran gauraka a Rima. Ya ce masu soya kifi da masu tuƙi da masu tabarma duk a inuwar tsuntsayen nan suke cin abinci. Ya roƙi a ba Alhaji rago, ko kifin da ya fi kowane girma, ko ma kwalekwale sukutum.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, don ba mutum ne mai katse magana ba. Sannan ya ce, "Rago yay yaba, ko kwalekwale? Wanga yaro, mi kaka so in zama? Baƙo shi yaba abu gabana, in yi awa ban ji ba? Ruwa ya ci gidanmu, ya ci gonakinmu, munka yi haƙuri. Halinmu ɗai yar rage muna, shi ma sai in bari shi nutse?"

Junaidu ya san ba taurin kai kaɗai ke magana ba. Mutumin da aka raba da garin ubansa, abin da ya iya ɗaukowa a ka bai da yawa, kuma Tambari wannan ya ɗauko. Magana kuma zarar bunu ce, ta riga ta fita gaban shaidu. Ya tashi ya fita ransa a ɓace, yana jin haushin uban yana kuma jin tausayinsa.

Washegari da safe ya tafi Goronyo sayen kwaltar liƙe jirgi, yana tunanin yana da sauran yini guda na neman dabara. Ashe Tambari ya riga ya aika wa Mode, tsohon mai tarko da ya daɗe bai sami aiki ba. Da Junaidu ya dawo da azahar, tun daga nesa ya ji kukan gauraka ba daga tsibiri ba, daga saman gari. Namijin ne ke kewaya tungar, ya yi ƙasa kamar zai sauka, ya ga mutane ya sake tashi. A zauren ubansa ya tarar da macen ɗaure da igiya a ƙafa, an rufe mata kai da tsumma, gashin fiffikenta na dama zube a ƙasa, an datse shi da almakashi don kada ta tashi. Mode na gefe yana ba da haƙuri cewa namijin ya fi shi wayo, amma gobe in Allah ya so zai haɗa su.

Junaidu ya tsuguna ya tattara gashin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tunanin ya kwance ta ya gudu da ita tsibiri, in ya so kome zai faru ya faru. Amma ya san ƙarshen wannan hanya. Uban zai kunyata gaban baƙo, Alhaji zai ji an ba shi an ƙwace, motoci su daina zuwa, Mode kuma ya sake ɗana tarko. Gaba kura, baya sayaki. Ya ba tsuntsuwar ruwa a ƙwarya, ta ƙi sha, ya fita.

Ƙafarsa ta kai shi bakin mashaya, rumfar Goggo Ladidi, yayar ubansa, wadda ita ce shugabar masu soya kifi kuma ba a taɓa ganin bakinta a rufe ba. Ya zauna ya zayyana mata. Ta ce ita ta goya Tambari a bayanta, ta san kansa dutse ne tun yana tsumma, kuma a wannan maganar ko ita ba ta isa ta tanƙwara shi ba, don ubansu ma haka ya yi ta rabar da kayan gida har tukunyar da ake dafa masa tuwo. Suna cikin haka wata Bafillata ta sauke ƙwarya a bakin rumfar, ta fito da curin man shanu ta miƙa wa Goggo, ta ce gaisuwa ce daga ruga, kuma wata saniyar Goggo ta sake haihuwa, mace.

Junaidu ya san labarin saniyar nan tun yana yaro, amma bai taɓa sa shi a ma'auni ba. Wata ƙawar Goggo ce daga rugar da ke wajen Rara ta ba ta maraƙa lokacin aurenta. Goggo ba ta da makiyaya, ba ta da turke, sai ta karɓa ta yi godiya ta bar ta a garke. Ga shi yau jikokin maraƙar sun cika gefe guda na ruga, kowa ya san na Ladidi ne, ba mai taɓa su, ita kuwa ba ta taɓa ɗaure ko ɗaya a gidanta ba. Ya tambaye ta ko ta taɓa jin kamar ba a ba ta ba.

Goggo ta harare shi ta ce, "Wa ac ce ba a ba ni ba? Tawa ta. Da na kawo ta nan da tuni an yanka ta ranar wani suna. Kiwo na baro ta."

Junaidu ya tashi ya je ya sami Mode, ya roƙe shi don Allah ya jinkirta tarkon namiji har Alhaji ya iso. Sannan ya ɗauki kwalekwale ya je ya tsaya nesa da tsibiri har yamma, yana korar shaho daga inda 'ya'yan suke ɓoye.

Alhaji Zayyanu ya iso da hantsi, direbansa har ya shimfiɗa buhu a bayan mota. Mutanen tunga suka taru a ƙofar Sarkin Ruwa, aka fito da tsuntsuwar, Mode na riƙe da ita a hammata. Tambari ya ba da haƙuri cewa ɗaya aka samu, ɗayar za a aika da ita. Alhaji ya yi murna, ya miƙa hannu ya shafa tukkun. A sama namijin bai daina kewayawa ba, muryarsa har ta dushe.

Junaidu ya fito tsakiya ya durƙusa, ya nemi izinin magana. Uban ya dube shi da idon gargaɗi, amma gaban baƙo ba ya hanawa. Junaidu ya fara da abin da ba wanda ya zata. Ya ce kyautar da Baba ya yi ta tabbata, ba mai tayar da ita, kuma Baba ya ba da fiye da abin da ya sani, don akwai 'ya'ya biyu a ciyawa, su ma na Alhaji ne tunda iyayensu nasa ne. Tambari ya ɗan saki fuska.

"Saura magana guda, ranka shi daɗe," in ji Junaidu. "Ina za a yi maka kiwonsu? In kat tahi da wagga, ɗiyan mutuwa za su yi, namijin shi bar ƙasag ga, ita kau ta zauna bayan katanga tana kiran wanda ba shi amsawa. Guda za ka samu, kuma ba ta daɗewa. In ka bar su garkensu, huɗu gare ka yau, baɗi sai abin da Allah yay yi. Ka san yadda aka barin saniya kiwo hannun Fulani."

Alhaji ya janye hannunsa daga kan tsuntsuwar. Ya ce shi ma yana da shanu a hannun Fulani wajen Rabah, bai taɓa ganin rabinsu ba, amma shanu daban, abin ado daban. Abin ado ai don a gani ake ajiye shi, in ya bar su a nan me zai nuna wa mutane a gida? Junaidu ya ce motocinsa ne ke kawo mutanen, kuma duk wanda ya shiga kwalekwale daga yau za a gaya masa gaurakin wa yake kallo. A tsakar gida masu shiga gidan ne kaɗai za su gani, a nan kuwa har mutanen Nijar.

Alhaji ya yi 'yar dariya, don an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, kuma shi ma ya san an sosa. Ya ɗaga kai yana bin namijin da kallo, har tsuntsun ya sauka kan wani kututture a bakin ruwa ya yi kira, macen ta amsa daga hammatar Mode da wata murya ƙasa-ƙasa. Dariyar ta bar fuskar Alhaji. Matarsa ta fari ta rasu bara, kowa a wurin ya sani, ba wanda ya ɗaga ido.

Tambari ne bai gamsu ba. Ya ce shi bai iya kyautar da za a ba mutum a kuma riƙe ba, a garinsu wannan sunanta rowa. Nan Junaidu ya ji ƙarfinsa ya ƙare, don ya faɗi duk abin da ya tanada. Ya sunkuyar da kai, bai tashi daga durƙuson ba, kuma ya ƙudurta ba zai tashi ba sai an ɗaga shi.

Alhaji ya juya ya fuskanci tsohon. Ya ce, "Sarki, na amshi kyauta, Allah shi saka. Yanzu ni ad da roƙo. Ban da ruwa gidana, ban da ciyawa. Ka riƙa man kiwonsu, amana."

To, a Tungar Mashaya abu biyu ne ba a yi wa baƙo, ba a hana shi abin da ya yaba, ba a kuma ƙi roƙonsa. Tambari ya dubi ɗansa da ke durƙushe, irin kallon wanda ya gane an zagaye shi ta ƙofar da shi ya gina. Sannan ya miƙe da kyar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce daga yau Tudun Kufai da abin da ke cikinsa amana ce a wuyan Sarkin Ruwa. Ba tarko, ba jefa komar kamun kifi, ba mai yankan ciyawa a gefensa, wanda ya taɓa kuwa da shi ya yi. Mode ya ce ya ji ya bi, ya kuma tambaya a hankali ko akwai gurbin matuƙi a kwalekwale na biyar.

Junaidu ya karɓi tsuntsuwar ya nufi mashaya. Ya sa ƙafa a jirgi ke nan ya ji an dafa kafaɗarsa. Uban ne, ya naɗe riga, ya miƙa hannu a ba shi filafili. Junaidu ya ce bayansa fa. Tsohon ya ce amanar a wuyan wa aka ɗora, nasa ko na wanga yaro? Haka suka tafi, uba na tuƙi yana nishi, ɗa na rungume da gauraka, namijin na bin su ta sama.

A gefen tsibiri Junaidu ya kwance igiyar, ya cire tsumman, ya ajiye ta a ruwa mara zurfi. Ta girgiza jiki, ta buɗe fukafukai ta yunƙura za ta tashi, ta karkace ta faɗa gefe. Ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Tambari ya kau da kai. Ya tambaya, murya ƙasa, yaushe gashin zai fito. Junaidu ya ce sai ta sake gashi, wataƙila sai wata damina, kuma kafin nan dole kullum wani ya tsaya nan saboda shaho da karnukan da ke iyo. Tsohon ya ce a sa shi a safiya, shi dama ba ya komawa barci bayan asuba.

Namijin ya yi kewaye ɗaya ya sauka kusa da ita. Ya jira ta tashi, ba ta tashi ba. Sai ya naɗe fukafukansa, suka shiga ciyawar da ƙafa.